HUBUSI DA WASIYYA: DARASI GA MAI BAYARWA DA MAI KARƁA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Mai arzurtawa, wanda Ya ba bayinSa aron dukiya, kuma zai tambaye su inda suka same ta da inda suka kashe ta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi mutane iri biyu da ke cikin sahunmu a kowace salla. Na farko shi ne mai hali, wanda Allah Ya hore wa abin hannu kuma yake son ya gabatar da wani abu domin lahirarsa. Na biyu shi ne ɗan kwamitin masallaci ko na makaranta, wanda jama'a suka ɗora wa nauyin zuwa ƙofar mai hali neman taimako. Kowannensu yana da hukunce-hukunce da ladubba da ya wajaba ya sani, domin kuwa rashin saninsu ya sa ayyukan alheri masu yawa sun mutu tare da masu su.

HALIN DA MUKE CIKI

Babu wanda zai zagaya garin Maraɗi, tun daga Bagalam da Mokoyo da Limanci har Sabon Gari da Zariya, ya ce alhazan garin nan ba su yi wa addini hidima ba. Tun bayan ambaliyar Gulbin Maraɗi ta shekarar 1945, wadda ta sa gari ya bar fadama ya hau tudu, ƴan kasuwarmu suka bunƙasa da cinikin gyaɗa. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, sai suka mai da ƙarfinsu ga fataucin kaya tsakaninmu da Nijeriya. Daga wannan dukiya aka gina masallatai a ƙofofin gidaje, aka gina makarantun allo da na Islamiyya, aka haƙa rijiyoyi, aka kai malamai aikin hajji. Bayan Taron Ƙasa na 1991 kuma ƙungiyoyin addini suka yawaita, gine-gine suka ƙaru. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

To amma mu koma mu dubi irin waɗannan wurare shekara biyar bayan rasuwar mai ginin. Sau da yawa za mu tarar tabarmi sun yayyage, rufi yana yoyo da damina, an yanke wuta saboda bashi, malaman makaranta sun yi wata uku ba albashi har wasunsu sun tafi cin rani, yara kuma sun watse. Dalili kuwa a fili yake: nauyin wurin duka an rataye shi ne a aljihun mutum ɗaya. Ranar da aka raba gadonsa, kowane magaji ya ɗauki rabonsa, kuma shari'a ba ta tilasta wa ko ɗayansu ya ci gaba da abin da mahaifinsa yake yi ba.

Ko da ransa ma, ɗan kasuwa ba kullum yake da samu ba. Dattawanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, aka sake rufe iyakar daga Agusta na 2023 har Maris na 2024. Duk ranar da motocin kaya suka tsaya cik a Ɗan Isa, to albashin malamin da ke karantar da yara a cikin Maraɗi shi ma ya tsaya. Wannan shi ne ciwon. Maganinsa kuwa yana cikin littattafan da muke karantawa tun muna zaure: hubusi da wasiyya.

MENE NE HUBUSI?

Hubusi, wanda ake kuma kira waƙafi, shi ne mutum ya tsare asalin wata dukiya tasa, kamar gona ko gida ko kanti, ta yadda ba za a sayar ba, ba za a bayar kyauta ba, ba za a gada ba, sa'an nan amfanin da take fitarwa ya riƙa tafiya ga hanyar alherin da ya ambata. Shi ne abin da malamai suka fassara sadaka mai gudana da shi, wadda hadisin Abu Huraira (R.A.) a cikin Sahihu Muslim ya lissafa cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, tare da ilmi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a.

Asalinsa shi ne abin da ya faru ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.). Bayan buɗe Haibara a shekara ta 7 bayan Hijira, ya sami wata gona da bai taɓa mallakar abin da ya kai ta daraja ba. Ya je ya nemi shawarar Manzon Allah (S.A.W.), shi kuwa ya nuna masa ya tsare gonar, ya yi sadaka da abin da take fitarwa. Umar ya yi haka, ya ambaci matalauta da dangi da ƴanta bayi da hanyar Allah da matafiya da baƙi, ya kuma yarje wa mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka sani, ba tare da ya tara wa kansa ba. Daga baya ya sa aka rubuta takarda a gaban shaidu, ya danƙa kulawar a hannun ɗiyarsa, Uwar Muminai Hafsa (R.A.). Haka nan Sayyidina Usman ɗan Affan (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, gugansa daidai da gugan kowa.

A kan wannan hanya manyan makarantun Musulunci suka rayu. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda tarihi ya jingina gininsa ga wata baiwar Allah, Faɗima al-Fihriyya, a shekarar 859 Miladiyya, da Azhar ta Misira da aka buɗe a 972, duka hubusi ne ya riƙe su ɗaruruwan shekaru. Mutanen ƙasashenmu ma ba a bar su a baya ba. Sarakunan Kanem sun kashe dukiya a kan wata makaranta ta Malikawa a Alƙahira tun ƙarni na 13, domin ɗalibansu da alhazansu. Askiya Muhammadu na Songai, a hajjinsa na wajejen 1496 zuwa 1497, ya sayi gonaki a Madina ya hubusta su ga mutanen Takruru. A yau jami'o'i da ƙungiyoyin agaji na Turai da Amurka suna da ma'aikata na musamman da ba su da wani aiki sai kula da manyan masu bayarwa da masu son barin wasiyya, kuma kyautar Nobel da ake rabawa tun 1901 daga wasiyyar mutum ɗaya ta fito, wadda ya rubuta a 1895. Abin da suke ci gajiyarsa a yau, mu an koya mana shi tun zamanin sahabbai.

SHARUƊƊAN HUBUSI A MAZHABAR IMAMU MALIK

Waɗannan hukunce-hukunce suna cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsu. Ga mafi muhimmancinsu:

Na farko, mai hubusi ya kasance baligi, mai hankali, mai ikon sarrafa dukiyarsa, kuma abin ya zama mallakarsa ne tsantsa. Gidan gado da ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon hubusta shi shi kaɗai. Wanda bashi ya cinye dukiyarsa kuwa, masu binsa sun fi masallaci haƙƙi a kanta. Matar aure tana da ikon hubusta dukiyarta, sai dai a mazhabarmu abin da ya wuce sulusin dukiyarta yana bukatar yardar mijinta.

Na biyu, kuma nan ne mafi yawanmu suke tuntuɓe, shi ne hauzi, watau abin ya fita daga hannun mai shi ya shiga hannun waɗanda aka yi dominsu ko hannun mai kula, tun yana da rai da lafiya, kafin ciwon ajali ko karayar arziki ta same shi. Hauzin masallaci shi ne a buɗe shi jama'a su yi salla. Hauzin rijiya shi ne a bar mutane su ɗiba. Hauzin kanti shi ne a miƙa mabuɗi ga mai kula, shi ne zai riƙa karɓar haya. Hauzin gida shi ne mai shi ya fita daga ciki, kuma idan ya komo ya zauna kafin shekara ta zagayo har ajali ya same shi a ciki, hubusin ya ɓaci. Saboda haka, idan Alhaji ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Kantunan nan guda huɗu na masallaci ne," aka yi kabbara, amma ya ci gaba da karɓar hayarsu yana zubawa a aljihunsa har ya rasu, to kantunan nan gado ne, kuma magadan da suka raba su ba su ci haram ba. Sau nawa aka zargi ɗiyan mamaci da cin dukiyar Allah, alhali kuwa sakacin na mahaifinsu ne da na kwamitin da bai karɓa ba?

Na uku, ba ya halatta mutum ya hubusta abu a kan kansa, ko ya sharɗanta cewa shi ne zai ci gaba da riƙe shi, domin wannan ya rushe hauzi. Sai ya naɗa mai kula amintacce, wanda malamai ke kira naziri, ko mutum ɗaya ko kwamiti, ya kuma faɗi yadda za a maye gurbinsa.

Na huɗu, ba a yin hubusi domin cutar da magada. Wanda ya hubusta gonarsa a kan ɗiyansa maza ya fitar da mata, Shaihu Halil ya lissafa hubusinsa cikin ɓatattu. Wannan gargaɗi ya dace da mu ƙwarai a kudancin jihar Maraɗi, inda gonaki suka yi kaɗan mutane suka yi yawa, har wasu ke neman dabarar hana ɗiya mace rabon da Allah Ya yanka mata.

Na biyar, sharaɗin mai hubusi abin bi ne muddin bai saɓa wa shari'a ba. Abin da aka hubusta domin marayu ba a sayen lasifika da shi. Amma gyaran shi abin da aka hubusta yana gaba da komai, domin idan asali ya rushe, amfani ya ƙare.

Mazhabarmu kuma ta yi sauƙi a wurare biyu. Ta halatta hubusin abin da ake ɗauka, kamar littattafai da dabbobi, har da kuɗi domin a riƙa ranta wa mabukata suna mayarwa, wasu malamai kuma sun haɗa da hatsi. Ta kuma halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci. Wanda ke tsoron ya raba ɗiyansa da kanti har abada, yana iya hubusta shi shekara 10 ko 20, bayan haka ya koma gare shi ko ga magadansa.

WASIYYA DA IYAKAR SULUSI

Hubusi aikin mai lafiya ne, yana farawa nan take. Wasiyya kuwa ba ta aiki sai bayan mutuwa, kuma mai ita yana da ikon canza ta ko janye ta muddin yana da rai. Ta dace da wanda yake bukatar dukiyarsa a yanzu amma yake son ya bar wani abu a bayansa.

Iyakarta sulusi ne, watau kashi ɗaya cikin uku. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) ya yi ciwo mai tsanani a Makka, yana da dukiya mai yawa, ɗiya ɗaya kuma gare shi a lokacin. Ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana. Ya nemi rabi, ya hana. Da ya ambaci sulusi sai ya yarje masa, ya kuma nuna masa cewa sulusin ma da yawa, domin barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Kuma babu wasiyya ga wanda yake da rabo a gado, sai in sauran magada sun yarda.

Tsarin kuwa shi ne: a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sa'an nan gado, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka gabatar da wasiyya da bashi a kan rabon magada. A misali, mutum ya rasu ya bar dukiyar da ta kai sefa miliyan 10. Jana'iza da bashi suka ci miliyan 1, saura miliyan 9. Sulusinsa miliyan 3 ne, miliyan 6 na magada. Idan ya yi wa makaranta wasiyyar miliyan 4, za a ba ta miliyan 3, ragowar miliyan 1 kuwa sai abin da magada suka ce. Haka nan duk hubusi ko kyautar da mutum ya yi yana cikin ciwon ajali, hukuncin wasiyya gare ta, daga sulusi za a fitar.

Hadisin Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya kwaɗaitar da cewa wanda yake da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita tana rubuce a wurinsa ba. Amma mu a nan, da an ambaci wasiyya sai mutum ya ɓata rai, kamar an yi masa fatar mutuwa. Rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali, ƙin rubutawa kuma ba ya nisantar da shi. Aya ta 10 ta Suratul Munafiƙun ta siffanta mana mutumin da mutuwa ta zo masa yana roƙon a ɗan jinkirta masa domin ya yi sadaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ME ZA A HUBUSTA A ƘASARMU?

A cikin Maraɗi, abin da ya fi dacewa shi ne kantuna da gidajen haya da ɗakunan ajiyar kaya. Mu ƙaddara, a misali kawai, makaranta mai malamai huɗu, kowane yana karɓar jika 40 a wata, jika 160 ke nan. Ruwa da wuta da alli su ci jika 40. Bukatar wata ta zama jika 200. Idan aka sami kantuna 10, kowane ana hayarsa jika 25, an sami jika 250: makaranta ta tsaya da ƙafarta, jika 50 kuma a ajiye domin gyara. Wanda yake shirin gina masallaci na uku a layin da yake da biyu, da ya gina wa waɗanda ke akwai kantuna, da ya fi amfanar Musulmi. Wanda kuma zai gina sabo a inda ake bukata, ya sa kantunan cikin lissafi tun daga tushe. Tun ran gini, ran zane.

A Tsibiri da ƙauyukan Gobir, dukiyar mutane gona ce da dabba da hatsi. Gona ɗaya da aka hubusta, jama'a suka yi mata gayya, tana iya ciyar da malami da almajiransa, ta rage yawon bara. Rumbun tsimi na masallaci, wanda ake ranta wa magidanta hatsi da bazara su mayar da kaka mudu da mudu ba ƙari, zai iya tsare mutuncin gidaje da yawa. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da 1985 da matsalar abinci ta 2005 sun san darajar wannan.

A Jiratawa kuwa akwai abin lura. Filayen noman rani da hukuma ta gyara tun farkon shekarun 1980 ana noma su ne a ƙarƙashin ƙa'idojin ƙungiyar manoma da hukumar ONAHA, saboda haka kada mutum ya ce ya hubusta fili irin wannan sai ya tabbatar da irin haƙƙin da yake da shi a kansa. Abin da babu shakka a cikinsa shi ne amfanin da ya noma. Yana iya yanka wa makarantar garinsu wani kaso sananne daga zogale ko tumatir ko tattasai a kowane girbi. Garkar da take mallakarsa ta gado ko ta saye kuwa, wannan yana da ikon hubusta ta.

Mu tuna kuma cewa zakka daban take. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta guda takwas, kuma malaman mazhabarmu ba su halatta gina masallaci da ita ba. Kada ɗan kwamiti ya karɓi zakkar Alhaji ya sayi siminti.

LADUBBAN MASU NEMAN TAIMAKO

Yanzu ga ku, ƴan kwamiti. Aikinku ibada ne, kuma amana ce mai nauyi.

Ku zaɓi mutum biyu ko uku masu mutunci, waɗanda aka san su da gaskiya, su je. Ku san halin mutum kafin ku je masa: yawan iyalinsa, ko yana cikin bashi, ko kasuwa ta juya masa baya, da irin alherin da zuciyarsa ta fi karkata gare shi. Wani marayu ne ke taɓa zuciyarsa, wani ruwan sha, wani karatun Alƙur'ani. Kada kuma ya zamana ba ya ganin fuskarku sai kuna riƙe da littafin tara kuɗi. Ku gaishe shi in ya yi ciwo, ku je masa suna da ta'aziyya, kamar yadda za ku yi wa kowane Musulmi. Kada ku manta da hajiyoyinmu ƴan kasuwa. Ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai a Makka har yau da sunanta ake kiransa.

Ku je da bukata bayyananna a rubuce: malamai nawa, yara nawa, nawa ake kashewa a wata, nawa ake samu. Bayan gaisuwa ku ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara arziki. Shawara muka zo da ita, ba mu zo karɓar kuɗi yau ba." Ku bayyana masa bambancin sadakar da za ta ƙare a wata ɗaya da hubusin da zai wanzu, ku bar shi ya yi tunani, ya shawarci iyalinsa. Ya fi kyau manyan ɗiyansa su ji daga bakinsa, su sa hannu a matsayin shaidu, domin wannan ne ke kashe rigima tun ba ta taso ba.

Ku yi masa nasiha da abin da ya fi masa alheri, ko da bai shigo asusunku ba. Lokacin da aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta sauka, Abu Ɗalha (R.A.) ya kawo gonarsa Bairuha, wadda ya fi so cikin dukiyarsa. Manzon Allah (S.A.W.) ya yaba masa, amma ya nuna masa ya sanya ta cikin danginsa. Ka'abu ɗan Malik (R.A.) ya so ya ba da dukiyarsa duka saboda murnar karɓar tubarsa, aka umurce shi ya riƙe wani abu. Idan kun san mutum yana da ƴan'uwa cikin yunwa, ku tuna masa da su. Kuma ku ji tsoron Allah game da majinyaci: kada ku kewaye shimfiɗarsa kuna matsa masa ya yi wasiyya alhali hankalinsa ya raunana.

Kada ku kunyata kowa. Kiran sunan mutum a lasifika ba da izininsa ba, domin jin nauyin jama'a ya sa ya bayar, malamai sun yi gargaɗi cewa abin da aka karɓa ta hanyar kunya ba da daɗin rai aka bayar ba. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta. Zaɓi na mai bayarwa ne, wanda ya ce a rufa, a rufa. Kirari da zuga kuwa aikin maroƙa ne, bai dace da wakilan masallaci ba.

Kyauta ba ta sayen mumbari. Mai bayarwa yana da haƙƙin a bi sharaɗinsa na halal, a girmama shi, amma ba shi da haƙƙin ya tsara wa liman abin da zai faɗa ko abin da zai yi shiru a kansa. Farkon Suratu Abasa ya ishe mu darasi a kan fifita manyan gari bisa makaho mai neman sani. Aya ta 79 ta Suratut Tauba ta zargi masu yi wa mai ba da kaɗan izgili. Dalar tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli tana iya fin miliyan nauyi a wurin Allah. Shi ma mai bayarwa ya tuna da aya ta 264 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Kada ku karɓi na goro. Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce shi aka ba kyauta. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da ya ga ko za a kawo masa. Idan ma'aikaci yana bukatar lada, a yanka masa albashi sananne a gaban kwamiti, a rubuta.

Daga ƙarshe ku koma masa da labari. Ku kai masa lissafi, ku gayyace shi saukar karatun yara, ku yi masa addu'a, kamar yadda aya ta 103 ta Suratut Tauba ta umurci Annabi ya yi wa masu kawo sadaka. Idan ya rasu, ku ci gaba da kai wa ɗiyansa wannan lissafi. Wanda ya ga inda dukiyar mahaifinsa take tafiya, shi ma wata rana zai ƙara.

RUBUTU DA LISSAFI

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To ina ga dukiyar da ake so ta wanzu bayan duk shaidu sun mutu? Takardar hubusi ta ƙunshi sunan mai shi, da siffar abin da iyakokinsa ta fuska huɗu, da waɗanda za su amfana, da mai kula da ladansa da wanda zai gaje shi, da kason gyara, da inda amfanin zai koma idan makarantar ta rufe, da ranar da aka yi hauzi, da sa hannun shaidu adilai.

Kada a tsaya ga takardar zaure kaɗai. Idan gona ce, a bi ta hannun mai gari da hukumar kula da filaye da ake kira kofo, wadda ta samo asali daga dokar tsarin karkara ta 1993, a sanar da fada, ko ta Sarkin Katsina a Maraɗi, ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, ko ta sarkin Jiratawa. Idan fili ne ko gida a birni, a gyara takardunsa a wurin hukuma. Ƙasarmu ta kafa dokar waƙafi a shekarar 2019, ta kuma kafa babbar hukumar waƙafi a 2020, bayan Senegal ta yi tata dokar a 2015, jihar Kano kuwa ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Kwamitoci su nemi sanin abin da dokar ta tanada kafin su rubuta. A yi kofi uku: na mai hubusi, na kwamiti, da na hukuma.

Kuɗin haya kada su kwana a aljihun kowa. A buɗe asusu da sunan masallaci ko makaranta, kada a fitar sai da sa hannun mutum biyu. Kowace shekara a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna a bangon masallaci. Mai gaskiya ba ya jin haushin lissafi, shi ne ma yake wanke shi daga zato. Wanda kuma ya canza wasiyya bayan ya ji ta, aya ta 181 ta Suratul Baƙara ta ɗora zunubin a wuyansa.

KAMMALAWA

Muna kira ga kowane kwamiti ya zauna cikin wannan wata ya lissafa abin da aka taɓa cewa an ba masallacinsu ko makarantarsu, ya duba wanne aka karɓa a hannu, wanne ke da takarda. Wanda mai shi yake da rai, a je a cika hauzi a rubuta tun yau. Muna kira ga kowane magidanci, mai yawa da mai kaɗan, ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, da abin da yake so a fitar daga sulusinsa, ya kafa shaidu. Wanda yake da tambaya a kan mas'alarsa ta musamman, ya je wurin malamin da ya san fiƙihun gado kafin ya sa hannu.

Allah Ya sanya albarka a dukiyoyinmu, Ya tsarkake su daga haram, Ya karɓa daga waɗanda suka bayar, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.